Tuta a Igiyar Shanya

Ranar Alhamis da ƙarfe tara saura kwata na safe, Denise ta zo da mota ta ɗauki mahaifiyarta, Loretta, zuwa wurin likitan ido. Ta ce za su dawo ƙarfe ɗaya. Aka bar Salamatou ita kaɗai a gidan da umarni guda: ta gyara falo, saboda ranar Litinin ce ranar tunawa da sojojin Amurka da suka mutu, kuma dangi za su taru a gasa nama a bayan gida.

Salamatou 'yar Damagaram ce. Shekararta shida a New York, tana zaune a unguwar Stapleton da mijinta Oumarou, wanda ke da ƙaramin shago a nan Port Richmond, unguwar da gidan Loretta yake. Wata uku ke nan tana kula da Loretta Maresca, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu: ta taimaka mata wajen wanka, ta tuna mata magani, ta dafa, ta share. Wani ofishi da ke tura masu kula da tsofaffi gidaje ne ya turo ta. An taɓa kai ƙararta sau ɗaya, a wani gida, bayan ta kwashe jaridun shekara goma da wani dattijo ya tara ta kai bola, a zatonta shara ce. Matar ofishin ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in aka sake kawo ƙara, za a cire sunanta.

Gidan Loretta ya yi mata. Tsohuwar na da faɗa, amma ba ta da riƙo. Rigimarsu ɗaya ce, ita ce ta suna. Bakin Salamatou ba ya iya kiran sa'ar kakarta da sunanta gatsal, sai ta ce Mama. Loretta kuma kullum sai ta amsa da Turancinta mai sauri: "'Ya ɗaya na haifa, ita ma ta ishe ni. Sunana Loretta."

A kan kantar da ke saman talabijin akwai wani akwatin katako mai kusurwa uku, fuskarsa gilashi. A ciki akwai ƙyalle shuɗi mai fararen taurari, an ninke shi tsaf kamar samosa. Salamatou ta san tutar ƙasar ce, domin ba wanda zai yi mako a unguwar bai san ta ba. A wannan makon ma kowane gida a layin ya kafa tasa, wasu a ƙofa, wasu a jikin mota, wani maƙwabci har a wuyan karensa. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda mutanen da ke son tutarsu haka za su kulle guda a akwati su hana ta shan iska.

Da ta sauke akwatin don ta goge kantar, sai ta ga bangon da ke bayansa ya yi danshi. Ruwan saman makon jiya ya tsattsafo ta rufi, fenti ya kumbura. Katakon bayan akwatin ya jiƙe. Ta kai hanci. Warin fumfuna ne.

Mahaifiyar Salamatou ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Damagaram, kuma a gidansu akwai doka: duk zanen da ke cikin akwati, komai tsadarsa, da damina ta wuce sai an fito da shi an baza a inuwa, sannan a sauya masa ninki. Zanen da ya daɗe a kari ɗaya, a nan karin yake tsagewa. Salamatou ta taɓa ganin shaddar da aka ajiye shekara bakwai ba a taɓa ta ba. Da aka buɗe, a hannu ta rabu gida huɗu kamar tsohuwar takarda.

Saboda haka ba ta yi dogon tunani ba. Ta juya ƙananan maƙalan ƙarfe huɗu da ke bayan akwatin, ta zaro tutar, ta ɗora a teburin cin abinci, ta zare bakin da aka cusa. Ninki ya shiga warwarewa, kusurwa bayan kusurwa. Girmanta ya ba ta mamaki. Auduga ce mai kauri, taurarin ɗinki ne ba bugu ba, tsawonta ya wuce teburin. A wurare uku can cikin ninki akwai ɗige-ɗigen baƙi, farin kuma ya soma komawa ruwan ƙasa. Ta yi hamdala da ta riski abin da wuri.

Da ta ɗaga don ta kaɗe, wasu ƙarafa uku suka faɗo suka gangara ƙarƙashin kujera. Ta bar su tukuna. Ta fita bayan gida ta shanya tutar a ɓangaren igiyar da inuwar gidan ta rufe, ta maƙale ta a wuri takwas don kada bakinta ya taɓa ƙasa. Sannan ta dawo ta sa tsintsiya ta jawo ƙarafan. Kwanson harsashi ne.

Ta kira Filomina, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da ke zaune a benen da ke samansu. Shekararta ashirin a ƙasar, kuma ita ta nuna mata hanyar wannan aikin.

"Anti Filo, ina kwana?"

"Ina bakin aiki, 'yar Nijar. Yi sauri."

"Harsashi na tsinta a gidan tsohuwata. Guda uku. Amma fanko ne, babu kai."

"A ina?"

"Cikin tuta."

"Wace tuta?"

"Ta cikin akwatin gilashi. Ta yi fumfuna, shi ne na fito da ita na shanya."

"Kika yi me?"

"Na shanya. A inuwa, ba a rana ba."

"Yesu Almasihu! Wai a inuwa! Salamatou, kin san abin da kika taɓa?"

Ba ta sani ba. Filomina ta yi mata bayani da sauri, ana jin ƙarar gadon marasa lafiya da ake turawa a bayanta. Mijin Loretta tsohon soja ne. Da wannan tutar aka lulluɓe akwatin gawarsa. A maƙabarta sojoji ke ɗage ta su ninke a gaban iyali, a harba bindiga sau uku, a miƙa wa matar. Kwanson harbin ke nan ta tsinta.

"Ba a buɗe ta," in ji Filomina. "Akwai gidajen da ko gilashin ba sa bari baƙo ya goge."

"To ai ruɓewa za ta yi, Anti."

"Ta ruɓe mana! Tasu ce. Ƙarfe nawa za su dawo?"

"Ɗaya."

"Nemi bidiyo a waya ki mayar da ita yadda take. Kada ja ko fari ya leƙo, shuɗi kawai. Kada ki gaya wa kowa. Ni ma ban ji ba."

Ƙarfe goma da minti biyar Salamatou ta kwance tutar daga igiya. A bidiyon, mutum biyu ne ke ninkewa, ɗaya na ja, ɗaya na naɗewa. Ita kuwa ita kaɗai ce, sai ta danne gefe ɗaya da tukwane biyu da tulin littattafai. Karo na farko, ja ya leƙo. Karo na biyu, ƙyalle ya yi saura kusan taƙi biyu babu inda za a cusa shi. Karo na uku ya fito da kusurwa uku daidai, sai dai ya yi ƙiba, kuma taurari huɗu da rabi ne a fuska, alhali a da shida ne. In ta danna da ƙarfi zai shiga akwatin.

Ta tsaya tana kallon ninkin. Idon Loretta ya yi rauni, shi ya sa ma aka tafi da ita wurin likita. Daga kujerarta ba za ta iya ƙirga taurari ba. Denise kuma sau biyu a mako take zuwa, a tsaitsaye. Za a iya shekara ba wanda ya lura.

Ta sa tafin hannu a kan ƙyallen. Har yanzu da sanyin laima a jikinsa. Ta ɗauki katakon bayan akwatin, shi ma bai bushe ba. In ta rufe ta a haka, kafin sanyi ya shigo baƙin ya cinye farin. Ta ɗauki tutar za ta cusa, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Tun tana 'yar shekara takwas ba ta taɓa sa jiƙaƙƙen zane a akwati ba, kuma hannunta ya ƙi soma yau.

Ƙarfe sha biyu saura kwata ta mayar da tutar kan igiya. Ta jera kwanson harsasan a faranti kusa da akwatin, ta ƙarasa sharar falo.

Sha biyu da minti ashirin mota ta tsaya a ƙofa. Likitan ya sallame su da wuri.

Denise ce ta fara ganin akwatin wayam a kan tebur. Ta dubi Salamatou, ta dubi tagar kicin, ta hango ja da fari na kaɗawa a bayan gida. Ta fita ta tsaya a gaban igiyar. Loretta ta biyo ta a hankali da sandarta mai ƙafa huɗu, baƙin tabarau na likita a fuskarta.

"Mece ce wannan?" in ji Loretta. "Denise, me nake gani?"

"Tutar Baba ce. Ta shanya ta kamar zanen gado."

Salamatou ta yi abin da aka koya mata a yi wa babba idan an yi masa laifi. Ta durƙusa a kan ciyawa, ta sunkuyar da kai, ta ce a yi haƙuri.

"Ki dube ni in ina miki magana," in ji Denise. "Kin ga? Ko ido ta kasa haɗawa da ni. Ta san abin da ta yi." Ta ciro waya daga jaka.

"Tashi," in ji Loretta.

Salamatou ta ƙara sunkuyawa.

"Na ce ki tashi! Ba a durƙusa wa kowa a gidan nan. Kakana ya baro ƙauyensu a Italiya don ya gaji da cire hula duk lokacin da mai gona ya zo wucewa. Ya zo nan ya shekara arba'in yana kankare tsatsa a jikin jiragen ruwa, bai sake sunkuya wa ɗan Adam ba. Abin da muke so a ƙasar nan ke nan, in kina son sani. Tashi tsaye, ki dube ni, ki faɗi abin da kika yi."

Ta tashi. Duban tsohuwa tsakiyar ido ya fi durƙuson wuya, amma baƙin tabarau ya ɗan taimaka. Da Turancinta da Faransanci ke kutsawa ciki, ta faɗi komai bi da bi: bango, katako, wari, ɗige-ɗigen baƙi. Ta ce ba ta san tutar mamaci ba ce sai bayan ta buɗe. Ta faɗi har yunƙurinta uku na mayarwa, da tukwanen. Sunan Filomina kaɗai ta bari. Ta shiga ta ɗauko katakon ta miƙa. Loretta ta shinshina, ta miƙa wa 'yarta, ta zauna a kan kujerar roba da ke gindin matakala.

Ta ɗaga kai ta dubi igiyar.

"Sau ɗaya aka taɓa durƙusa mini a rayuwata," in ji ta. "Wata yarinya ce soja, ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Ita ta ninke wannan a kan gawar mijina Carmine, ta zo ta durƙusa ta miƙo mini. Ninkinta nake kallo shekara goma sha ɗaya. Shi kika warware, kuma ba mai iya mayar da shi."



"Zan kira ofishinsu," in ji Denise.

"Kira Wendell tukuna."

"Ofishin fa?"

"Ina tunani."

Wendell abokin marigayin ne, baƙar fata, tsohon soja kuma tsohon ma'aikacin gidan waya. Ƙarfe uku ya iso tare da Stan, wani ɗan guntun dattijo farar fata, dukansu da hulunan ƙungiyarsu ta 'yan mazan jiya. Kafin nan Salamatou ta ba Loretta abincin rana da maganin ƙarfe biyu. Tsohuwar ta karɓa.

Dattawan biyu suka tsaya a gaban igiyar, suka soma gardama tun ba su gaisa da kowa ba.

"Ba a yin haka," in ji Stan. "Ta maƙabarta ba a buɗe ta."

"A wane littafi?" in ji Wendell. "Nuna mini shafin."

"Ba sai an rubuta ba."

"Ta babanka da ba a buɗe ba, ina take? Asu ya cinye, ka zo kana kuka a gabanmu."

"Ban yi kuka ba. Mura nake yi."

"A watan Agusta, ana tsakiyar zafi."

Wendell ya sa tabarau ya bi baƙin da yatsa, ya taɓa gefen ƙyallen ya ji ya bushe. Ya juyo wurin Salamatou. "Ke kika shanya?"

Ta tuna ta dube shi a ido. "Ni ce."

"Ta taɓa ƙasa?"

"Ko sau ɗaya."

"To," in ji shi.

Maƙwabta biyu sun riga sun leƙo ta shinge. Mai karen nan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ba wanda ya sa shi. Stan, ganin ya sami masu saurare, ya soma yi wa Salamatou jawabi cewa wannan ƙyallen ba na sarki ba ne, ba na shugaban ƙasa ba ne, na kowa ne, shi ya sa ake girmama shi. Wendell ya bar shi ya gama.

"Da na dawo daga yaƙi," in ji Wendell, yana kwance maƙalan ɗaya bayan ɗaya, "a layin nan na nemi gida. Suka ce babu. Carmine ne kaɗai ya raka ni ƙofa-ƙofa, shi ma aka daina gaishe shi. Duk da haka ni ma tawa ce, ko sun so ko sun ƙi. Stan, riƙe can."

Suka ninka ta gida biyu a tsaye, suka sake ninkawa. Nan matsala ta taso. Yatsun Stan sun kanannaɗe da ciwon gaɓoɓi, ya kasa jan ƙyallen ya miƙe. Sau biyu yana suɓuce masa, sau biyu Wendell na tarewa da gwiwa. Aka dubi Denise. Ta girgiza kai, idonta ya yi ja.

"Ita ta riƙe," in ji Loretta daga kujerarta. "Ita ta buɗe."

Salamatou ta karɓi gefen taurarin daga hannun Stan. Ta ja kamar yadda ake jan turmin atamfa za a yanka, ƙyallen ya miƙe sambal. Ta ga sun bi tsohon kari daidai. Ta sa babban yatsa ta gusar da ninkin kamar faɗin farce biyu daga inda yake. Wendell ya gani. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi tsohon karin da ya soma sirancewa, ya gusar da nasa gefen shi ma. Sannan ya soma naɗowa daga can ƙarshen ja da fari, kusurwa bayan kusurwa, yana matsowa taku ɗaya-ɗaya, Stan na ƙirgawa da ƙarfi yana gyara masa abin da bai ɓaci ba. Bayan gidan ya yi tsit, ban da muryar Stan. Da suka haɗu, Wendell ya buɗe bakin ninkin, Salamatou ta cusa sauran ƙyallen ta shafe da tafin hannu. Shuɗi kaɗai ya rage a fili. Stan ya zura kwanson harsasan uku a ciki.

Wendell ya rungumi tutar a ƙirji, ya taka zuwa gaban Loretta, ya soma lanƙwasa gwiwa.

"Kada ka soma," in ji Loretta. "Ba mai ɗaga ka a nan."

Ya miƙa mata a tsaye, ya ja da baya, ya sara. Stan ma ya sara, a makare.

Ƙarfe huɗu ne lokacin tashin Salamatou. Dattawan sun sha kofi sun tafi suna ci gaba da gardamarsu. Ta wanke kofunan, ta rubuta magungunan ranar a takardar da ke jikin firiji, ta ɗauki jakarta ta tsaya a ƙofar falo. Loretta na kujerarta, tutar a cinyarta, hannuwanta biyu a kai. Denise na tsaye a bakin taga, waya a hannu.

"To, me kika yanke?" in ji Denise.

"Ki nemo mai gyaran rufi. Shi za a kira."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Denise ta shiga kicin da wayarta. Loretta ta cire baƙin tabarau ta juyo wurin ƙofa, tana ƙifta ido saboda haske.

"Ban huce ba," in ji ta. "Kada ki ɗauka na huce. Zai ɗauki lokaci, kuma wata rana zan yi miki tsawa ba ki san dalili ba. Dalilin ke nan."

"Na ji."

"Daga yau, duk abin da ke rufe a gidan nan, ki tambaya kafin ki buɗe. Ko da wuta yake ci."

"Zan tambaya."

"Gobe ƙarfe takwas."

Salamatou ta ja ƙofa ta rufe, ta gangara layin zuwa tashar bas.